Fentin da Yaya Ya Shafa

Ba a daɗe da binne mijin Gwaggo ba maƙwabcinta Auta ya yi mata matakala. Ƙofar ɗakinta ta baya, wadda ke fita filin shanya, dokinta dogo ne, kuma marigayi ne ke miƙa mata hannu idan za ta sauka, don gwiwarta ta hagu ta daɗe da daina jin magana. Da ya tafi sai ta koma sauka da baya, tana riƙe da ƙyaure kamar mai shiga rijiya. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wata safiya ta buɗe ƙofa da buta a hannu, ta tarar da ɗan akwatin katako a gindin dokin ƙofar, an kafe shi da ƙasa, an bi samansa da magagari an yi masa kaushi. Auta na can gefe yana hura tayar kekensa, ya ba ta baya.

"Ɗan nan, aikinka ne wannan?"

"Guntaye ne suka yi saura, Gwaggo. Kada dai ki shimfiɗa masa leda ko tsumma. Katako da kaushinsa yake riƙe ƙafa."

Bai tsaya an yi masa godiya ba, ya ci gaba da famfonsa.

To, wannan ne mutumin da yau idan aka ambace shi a gidan sai a taɓe baki a ce ai shi ya jawo wa kansa. Duk sanda Gwaggo ta ji haka sai ta shige ɗaki ta ɗauki carbi tana istigfari. Carbin ba ya sa ta huce, yana dai riƙe mata baki.

Gidan haya ne, bene, ɗakuna birjik, famfo ɗaya a tsakar gida. Auta da wansa suna hawan sama. Wan mai fenti ne, kowa Yaya yake ce masa har waɗanda suka girme shi, don da sunan ya shigo gidan. Iyayensu sun rasu Auta bai wuce goyo ba, Yaya ya ajiye makaranta ya ɗauki buroshi, ya goya shi, ya yi masa wanka da wanki, har ya zama mutum. Wannan gaskiya ce, Gwaggo ba ta taɓa musawa ba. Abin da ke ci mata rai shi ne babu ranar Allah da Yaya ba ya faɗa. A yi baƙo ya faɗa, famfo ya ɗauke ana layi ya faɗa. Auta kuwa, da furfura har ta fara leƙo masa a gemu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Yaya."

Aikinsa a wani babban sito yake, yana gyaran katakan nan da ake jibge kaya a kai motar ɗaga kaya ta soka musu ƙaho ta ɗauka. Ya ɓalle ruɓaɓɓen falanki, ya sa sabo, ya buga ƙusa, haka har yamma. Yaya ne ya samo masa aikin. Yaya ne ya zaɓi ɗakin. Yarinyar da ya taɓa so ma Yaya ne ya duba ya ce ba ta yi ba, maganar ta mutu a nan. Abu ɗaya tak Auta ya zaɓa wa kansa a duniya, shi ne keken.

A cikin tarkacen sito ya tsince shi, kayan da masu su ba su dawo sun karɓa ba: taya ɗaya, feda biyu, sirdi a sama, babu abin riƙewa, babu birki. Mai kula da siton ya ce ɗauki, dama shara ne. Ya kawo shi filin shanya ya fara koyo da bin bango, yana faɗuwa kamar buhu. Da ya iya tafiya sai tafiyar ta gundure shi. Ya gani a waya cewa akwai masu hawa kan abubuwa da irinsa, shi ke nan ya sake masa taya mai kauri, ya sa feda masu 'yan haƙoran ƙarfe, ya fara kwaso katakan da sito ya yar. Ya jera wasu bisa wasu. Ya mirgino wani ƙaton kwarkwaron wayar lantarki, irin na zaren Gwaggo sak amma ya kai ƙirjin mutum. Ya kawo duro da bulo da wani dogon falanki wanda faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ya ɗora shi daga kwarkwaron zuwa kan tulin katako na jikin bango.

Gwaggo ɗinkin hannu take yi, faci da maɓalli da kalmasa, kuma a bakin taga take zama saboda haske. Ba ta nemi kallo ba, kallo ne ya zo ya same ta. Tun tana runtse ido har ta fahimci abin yana da ƙa'ida. Ba gudu ake yi ba. Zai miƙe a kan fedoji, ya damƙi sirdin da hannu ɗaya, ɗayan hannun a iska, ya yi ta ɗan dira a wuri guda, dif, dif, dif, idonsa a kan inda zai sauka. Sai ya duƙa kamar zai zauna, ya tashi sama da keken gaba ɗaya, tayar ta dira a kan katako ta tsaya cak. Wurin da ya fi ƙarfin tsallensa kuwa, feda yake maƙalawa a leɓen katakon, haƙoran su cije, ya rataya a nan ɗan lokaci, sannan ya cilla tayar sama. Ƙafa ta taɓa ƙasa, an ɓata, sai ya sauko ya faro daga tushe. Babu mai sa masa ido, amma bai taɓa yi wa kansa ha'inci ba.

Mutane ganganci suke gani. Ita ta ga abin da ba su tsaya sun gani ba. Kafin ya hau sai ya zagaye kayan nan da ƙafa, ya shafa kowane katako da tafin hannu, ya share yashi, ya girgiza wannan, ya taka wancan. Idan an yi ruwa ba ya hawa sai katako ya bushe har ciki. Duk wani tabo da feda ta yi wa leɓen falanki ya san shi, a kansa yake auna tsallensa. Ƙaurinsa duk tabo ne, wandunansa duk facin Gwaggo ne. Kuma da zarar ya ga butarta a bakin ƙofa sai diran ya ɗauke, ya zauna a kan duro har ta sallame, ya san ƙasa na kawo mata ƙarar har kan darduma.

'Yan gidan kuwa Kwaɗo suka raɗa masa suna. Mai Shago na bakin ƙofa shi ne shugaban masu tsiya.

"Kwaɗo, wai ina ɗaya tayar? Ka cinye ne?"

"Tana wurin mai ita, Mai Shago."

"Ka yi aure, malam, ka samu abin ɗauka da ya fi wannan nauyi!"

Auta ya yi murmushi ya wuce, keken a kafaɗa. Ba wai ba shi da zuciya ba ne. Gwaggo ta taɓa ganin ya kasa wani tsalle tun la'asar, ya ɗaga bulo ya maka da ƙasa ya tarwatse, sannan ya durƙusa yana tsince gutsattsarin kada wani ya taka. Kafiya gare shi kamar ƙusar da ta yi tsatsa. A gaban mutum ɗaya ne kawai kafiyar ke narkewa.

Yaya ya tsani keken tun ranar farko. Yana cewa ya sha wahalar raino ba don a riƙa nuna shi a titi ana cewa ga wan mahaukacin nan ba. Wata rana Auta ya fasa haɓa, jini ya ɓata masa riga, Yaya ya sauko tsakar gida a gaban kowa ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi, ranar da keken nan ya karya ka, ranar ka gama hawansa, muddin ina numfashi. Kun dai ji na rantse."

"To, Yaya."

Tun daga ranar Gwaggo ta san a kan me Auta ke tsalle. Karaya ɗaya ce tsakaninsa da abu ɗayan da ya mallaka. Shi ma ya sani, shi ya sa shafar katakon ta ƙaru.

Haka aka yi shekaru bai karye ba. Sai wani abokin aikinsa ya ɗauke shi a waya ya watsa, hoton ya yi ta yawo har ya kai ga ƙungiyar masu wannan wasa. Suka aiko cewa za su zo su gan shi da idonsu, idan abin da suka gani gaskiya ne za su tafi da shi gasa.

Kai, ranar Gwaggo ta ga yadda mutane ke juyawa. Mai Shago ya ce shi dama tun farko ya san yaron nan zai yi nisa. Mai gidan, wanda sau nawa yana aiko a kwashe masa tarkace daga fili, ya zo da kansa da sabuwar hula yana tambayar ta ina masu ɗaukar hoto za su tsaya, ko sunan gidan zai fito. Shi kansa Yaya ta ji shi a bakin famfo yana gaya wa wani, "Ƙanena ne ai. Ni na raine shi."

Ana gobe za a yi, Auta ya tafi garin da baƙin za su sauka don ya taho da su. Kafin ya fita ya share filin, ya shafa katakansa, ya jingine keken a ɗaki. Bai yi nisa ba mai gidan ya tsaya a tsakiyar fili yana yatsina fuska.

"Yanzu wannan ƙazantar za a nuna wa duniya? Katako duk ya yi baƙi, duk tabo. Yaya, kai da ke da sana'a a hannu?"

Mai fenti ba ya iya ganin katako tsirara, ciwo yake yi masa a ido. Yaya ya hau sama ya sauko da gwangwanaye, fenti mai mai, mai sheƙi, irin na ƙofar ƙarfe, shuɗi da ja da rawaya. Ya tuɓe riga ya fara.

Gwaggo ba mai shiga maganar maza ba ce. Ta daɗe tana juya allura a hannu kafin ta leƙo ta taga.

"Yaya, sannu da aiki. Na ce ba, shi fa yana cewa katako da kaushinsa yake riƙe ƙafa."

Ya yi dariya, ko juyowa bai yi ba.

"Gwaggo, ki ji da allurarki, ni in ji da buroshina. Gobe sai ya rasa bakin godiya."

Mai Shago ya ce, "Gwaggo ma ta zama koci!" Aka kwashe da dariya. Ta ja labule.

Ta bayan labulen ta ci gaba da kallo, kuma abin da ta gani shi ya fi komai yi mata ciwo har yau. Yaya da gaske yake yi. Yana bin kowane lungu a hankali, yana 'yar waƙa a maƙoshi, yana ja da baya ya karkata kai ya duba. Tunda take ba ta taɓa ganin ya taɓa wani abu na ƙanensa da ƙauna irin ta ranar ba. Da mai gidan ya ce har yanzu tabon leɓen falankin nan yana nunawa, sai ya cika ramukan, ya sake malala wani fentin a kan na farko tun bai sha iska ba. Shi da ya fi kowa sanin ba a yin haka. Dogon falankin na jikin bango, inda rana ba ta kaiwa, shi ya sha shuɗi mafi kauri.

Washegari da hantsi fili ya cika. An jera kujeru, an kwashe shanya, Mai Shago ya sa rigar da ba ya sawa sai da dalili. Auta ya shigo da baƙi biyu, wata mata mai koyar da wasan, siririya, ita ma ƙaurinta duk tabo, da wani mai ɗaukar hoto. Tare da su ya ga filin. Ya tsaya turus. Gwaggo na kallon fuskarsa ta ga jini ya janye daga cikinta kamar an zare toshiya.

Yaya ya matso, baki har kunne, hannayensa da sauran shuɗi a gefen farce.

"Auta, ya ka gani? Ban bari ka ji kunya ba."

Auta ya je ya ɗora tafin hannu a kan katakon farko. Hannun ya zame sumul. Ya nemi tabonsa a leɓen kwarkwaro, babu. Matar ta bi bayansa, ta danna babban yatsa a jikin duro ta duba, ta sunsuna.

"Da wannan fentin ka saba hawa? A hoton da muka gani babu shi."

"Jiya na shafa, hajiya," in ji Yaya da ƙarfi don kowa ya ji. "Ni ne wansa. Ya bushe ƙarau. Tun ba a haifi wasu ba nake wannan sana'a."

Ba ta kula shi ba, Auta take kallo. "Ba dole sai yau ba. A kankare, mu dawo wani lokaci. Kai za ka hau, kai za ka faɗa."

Abin da ake nema daga bakinsa kaɗan ne: ya ce fentin Yaya bai yi ba. Ya faɗa a gaban mai gida da Mai Shago da baƙi da na'urar ɗaukar hoto, a kan kyauta ta farko da wansa ya taɓa yi wa keken. Gwaggo ta matse carbi a hannu tana cewa a ranta, faɗi mana, ɗan nan, faɗi! Ya dubi Yaya. Murmushin Yaya ya fara rawa a gefe.

"Ya bushe," in ji Auta. "Babu komai."

Har gobe idan ta tuna wannan kalma sai ta ji kamar ta kama shi ta girgiza. Mutumin da ba ya hawa katakon da raɓa ta taɓa!

Ya sa hular kwano ya hau. Ya bi na farko a hankali, ya haye duro, ya dira kan kwarkwaro. Ana ta tafi da ihu, Mai Shago na kururuwa, "Kwaɗo namu!" Ita kuwa tayar take kallo, ta ga ta fara ɗaukar launi, tana barin sawu a baya. Saura falankin jikin bango, wanda sai da feda ake kama shi. Ya daɗe yana dira a wuri guda, ya fi kullum daɗewa. Ya duƙa, ya tashi. Fedar ta sauka daidai leɓen, amma haƙoran ba su sami katako ba. Fentin ya saluɓe kamar yanar madara. Ƙafarsa ta dama ta faɗa tsakanin falankan tulin da ke ƙasa, jikinsa ya wuce, ƙafar ta tsaya. Ƙarar da ta yi, Gwaggo ba ta son tunawa.

Idon sawu ya tarwatse, ƙashin ƙauri ya karye. Aka sa masa ƙarfe. Yaya ya yi kuka a asibiti har sai da aka riƙe shi, yana cewa, "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku keken nan zai kashe min yaro ba?"

Washegari da sassafe Gwaggo ta fito alwala, filin babu kowa sai mutum ɗaya. Yaya ne tsugune, keken a kan cinyarsa, da gwangwanin kananzir da tsumma, yana goge shuɗin da ke jikin tayar, yana bin haƙoran feda da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Falankin kuwa har ya riga ya kankare wurin da ya saluɓe. Ya ɗago suka haɗa ido.

"Gwaggo, an tashi lafiya?"

Ba ta amsa ba. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa ƙin amsa gaisuwa ba sai ranar.

Ya sa wa keken sarƙa, ya kulle shi a ɗakin da yake ajiye gwangwanaye. Kafin Auta ya fito daga asibiti mai gidan ya sa an kwashe katakan, wani mai gashin nama ya zo ya loda su don hura wuta, filin ya koma wurin ajiye motoci. Su kuwa masu tafi suka koma gidan jiya. Ganganci ne. Girman kai ne, an ce ya bari ya ƙi. Ita matar ma ta ba shi dama ya fasa, ya nace. Babu wanda ya ambaci fenti, ko da wasa, alhali da idonsu suka ga an shafa, da bakinsu suka yi wa Gwaggo dariya. Mai gidan da ya kawo shawarar har cewa ya yi shi dama bai taɓa yarda da wasan ba.

Allah da ikonsa ƙafar ta haɗu. Ya yi zaman ɗaki, ya yi sanda biyu, ya koma ɗaya, ya yar. Sito suka mayar da shi bakin ƙofa yana buɗe wa motoci. Da yamma ya dawo ya zauna a kan dakalin famfo, ya zuba wa filin ido, ƙafafunsa na ɗan motsi da kansu. Likita ya ce ƙashin ya yi ƙwari, zai iya komawa abin da ya saba idan ya bi a hankali. Matar nan kuma ba ta manta da shi ba. Ta kira ta ce abin da ta gani kafin faɗuwar ya ishe ta, ya zo wurinsu ya fara daga ƙasa, ƙofa a buɗe take.

A tsakar gida ya gaya wa Yaya, da yamma, mutane na ɗibar ruwa. Murya ƙasa-ƙasa ya yi maganar, Yaya ne ya ɗaga ta.

"Ka ji min yaro! Na rantse ko ban rantse ba? Keken nan ya karya ka ko bai karya ka ba? So kake in yi kaffara saboda wasan yara? Ku tambaye shi, jama'a, wa ya yi jinyarsa? Wa ya ɗauke masa fo?"

"Kwaɗo, ka haƙura," in ji Mai Shago. "Wannan karon ƙafa, wani karon wuya."

Gwaggo na bakin ƙofarta da wandon wani a cinya. Ba ta yi zurfin karatu ba, amma ta san rantsuwa a kan abin da aka faɗa take hawa. Cewa ya yi ranar da keken ya karya shi. Keke bai karya kowa ba. Ta ga abin da ya karya shi, ta ga wanda ya shafa, ta ga wanda ya goge. Kalma ɗaya daga bakinta a gaban mutanen nan, sarƙar ta kwance. Ta soke allura a wando, ta dafa bango ta miƙe. Shekarunta a gidan ba a taɓa jin muryarta a tsakar gida ba.

"Yaya," ta ce. "Ka ji tsoron Allah."

Kowa ya juyo. Fuskar Yaya ta yi fari fat, bakinsa a buɗe, bokitin hannunsa na zubar da ruwa a kan takalminsa bai sani ba.

Kafin ta ƙara, Auta ya taso da ɗingishinsa ya sha gabanta.

"Gwaggo, rigata da na kawo, zo ki nuna min inda kika ce ta yage."

Babu wata riga. Ya tsaya a gabanta ƙyam har ta juya ta shiga, ya biyo ta ya tura ƙyaure, ya durƙusa a bakin darduma da ƙyar, ƙafar a miƙe gefe.

"Matsa min, ɗan nan. Yau sai na faɗa."

"Na san abin da za ki faɗa."

"Ba ka sani ba! Ya sani, Auta. Da idona na gan shi yana goge tayar da kananzir, kana can kwance ana haɗa maka ƙashi. Ya sani sarai, yake tsayawa yana rantse-rantse a kanka!"

"Na san ya sani. Da aka sallamo ni na leƙa ta tagar ɗakin gwangwanaye. Tayar da na hau da ita shuɗiya ce, wadda na gani baƙa wul."

"To, me kake jira? Su ci gaba da ce maka mahaukaci? Ka tsufa kana buɗe wa motoci ƙofa?"

Ya murza tabon ƙaurinsa. Da ya yi magana ta ga shi ma fushin na cinsa, ya fi nata.

"Kina jin ba na so in hau? Har mafarkinsa nake yi. Wani lokaci idan ya fara wannan magana ji nake kamar in fasa ƙofar in ɗauki abina in bar garin. Amma ki dube shi, Gwaggo. Tun ranar bai sake buɗe shuɗin fenti ba, ko an ba shi aiki sai ya ce babu kalar. Mutumin nan ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da komai sai cewa shi ya raine ni. Idan aka faɗa a tsakar gida cewa hannunsa ne ya karya ni, me ya rage masa?"

"Kai kuma me ya rage maka?"

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kama ƙyaure, sannan ya juyo.

"Abu ɗaya nake roƙonki, don Allah. Kada ki faɗa, ko ina nan ko ba na nan. Kuma gobe idan ya gaishe ki, ki amsa masa."